Lambata a Wuyan Rigarsa

"Sakinatu, ba zan ba da ke ga mutumin da ya ɗauki bindiga ya nufi daji da ƙafarsa ba. Na gama magana."

Baba bai ɗaga murya ba, bai ma ɗago kai daga babbar rigar da yake yi wa aiki ba. Haka Baba Ndakotsu yake tun muna yara. Idan ya yanke hukunci allurarsa ba ta tsayawa.

Ina durƙushe a bakin tabarmarsa a zaure, Mubina na kwance a cinyata tana wasa da bakin mayafina.

"Baba, ai da bakinka ka ce Rilwanu ya turo."

"Mai walda na ce ya turo. Ban ce wa ɗan sa-kai ba." Ya ciji zare ya tsinke. "Dubi yarinyar nan. Sau nawa kike so ta yi maraici?"

Na dubi Mubina. Hawaye suka zubo mini.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tare mijina Abdullahi a hanyar Kagara, yana jan motar doya. Suka kwashe wayarsa da duk wata takarda da za ta nuna ko shi wane ne. Kwana huɗu yana kwance a ɗakin ajiye gawa, mu kuma muna bin tasha-tasha da hotonsa. Mubina tana wata takwas a lokacin. Da na fita takaba na dawo gidanmu a Sauka Kahuta, na kafa kekena na ɗinki a shagon ƙofar gida.

Shagon Rilwanu yana kallon nawa. Kakansa aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, iyayensa duk sun rasu, sai gwaggo ɗaya a Zungeru da ba ta ji sosai. Ranar da Mubina ta fara tafiya ta nufi titi, kafin la'asar ya ƙero 'yar ƙofar ƙarfe ya kafa mini a bakin shago. Daga nan maganarmu ta fara, har Baba ya amince.

Sai mutanen ƙauyukan wajen Kagara suka kwararo gari. Suka cika makarantar firamare ta unguwarmu, mata da yara da tsofaffi, kowa da ƙunshin tsumma. Masararsu ta nuna a gona, doya ta isa tono, babu mai iya komawa ya girbe.

Wani tsohon soja ɗan Garatu, Malam Shekwolo, shi ya kira taro a filin ƙwallo. Ya ce ba yaƙi yake kira ba, rakiya yake kira: a raka manoma gona da safe, a tsare su, a dawo da su da amfaninsu kafin magariba. Mutum arba'in suka ba da suna, akwai 'yan acaba da mahauta da mafarauta da malaman makaranta biyu. Musulmi suka dafa Alƙur'ani, Kirista suka dafa Littafi Mai Tsarki, suka rantse ba za su taɓa kayan kowa ba, ba za su ƙona rugar kowa ba, ba za su yi ramuwa ba.

Rilwanu ne na uku da ya ba da suna. Ban ji daga bakinsa ba, a bakin Nna, mahaifiyata, na ji.

Ni aka ba ɗinkin rigunansu, kaki mai ruwan ƙasa, domin bayan fitarsu ta biyu Malam Shekwolo ya kafa doka: duk wanda ba shi da rigar ba zai shiga daji ba, kada ɗan'uwa ya harbi ɗan'uwa. Na karɓi aikin da sharaɗi ɗaya. Na ce a cikin wuyan kowace riga zan ɗinka sunan mai ita da lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru.

Wani mahauci ya yi dariya, ya ce, "Kai, Maman Mubina, tun ba mu fita ba kin fara yi mana likkafani?"

Na ce, "Waya ana ƙwace ta, takarda tana jiƙewa. Babu matar da za ta sake bin tasha da hoto in dai ni na ɗinka wa mijinta riga."

Babu wanda ya ƙara dariya.

Kowa ya kawo tsohuwar rigarsa na ɗauki awo, ya rubuta lamba a takarda. Wani ta matarsa, wani ta uwarsa, wani ta wansa. Takardar Rilwanu kaɗai ta zo da suna, wurin lamba fari fat.

*

Ranar Juma'a da yamma ya zo karɓar tasa, domin da asubar Asabar za su yi fitarsu ta uku. Ya tsaya a bayan 'yar ƙofar da ya ƙera, bai shigo ba. Mubina ta ruga ta riƙe ƙarfen tana kiran "Wanu! Wanu!" Ya durƙusa ya ba ta ƙwallon goriba.

"Gobe Alhaji Alhassan zai zo gaida Baba," na ce masa, ina ta ninke rigar da na riga na ninke.

"Na ji."

"Shi ke nan abin da za ka ce? Ka ji?"

"Me zan ce, Sakina? Mutumin kirki ne. Matarsa ta rasu, yana da shagon siminti, yana kwana a gidansa kullum. Ni ma da ni ne Baba, shi zan ba."

"Ban tambaye ka wanda Baba zai ba ba. Baba ya ce ni bazawara ce, ba zai yi mini dole ba. Kai kaɗai ya hana. Kuma ya ce ranar da ka mayar da bindigar nan, ranar zai karɓi manyanka." Na daina ninke rigar. "Ka mayar, Rilwanu. Don Allah. Mutum talatin da tara sun isa."

Ya dubi makarantar, inda hayaƙin girkin 'yan gudun hijira ke tashi.

"Fitarmu ta farko buhu sittin muka dawo da shi. Kin san tsohuwar nan da ke zama a gindin darbejiya? Da aka sauke nata buhu biyu, rungume su ta yi kamar 'ya'ya. Motar da ke ɗauko su duk kilomita biyar sai ta mutu, ni kaɗai na san ciwonta. Idan na janye, gobe wani ma matarsa za ta yi kuka ya janye. Jibi babu kowa."

"Ni ba matarka ba ce ai."

"Shi ya sa na bar wurin lambar babu komai."

Nan kukan ya ƙwace mini. Na juya wa titi baya don kada masu wucewa su gani.

"Ka san abin da na gani a ɗakin gawar nan? Da zoben azurfa na gane Abdullahi. Da zobe, Rilwanu! Yarinyar nan ba ta san fuskar ubanta ba, fuskarka ta sani. Da safe kafin ta nemi koko kai take leƙawa. Idan ka tafi ba ka dawo ba, me zan ce mata? In ce wannan ma ya tafi inda wancan ya tafi?"

"Ki ce mata na je ne don kada a ƙara yi wa wata yarinya abin da aka yi mata."

"Wannan magana ce ta filin taro. Yaro ba ya cin ta."

"Gaskiya ne," ya ce a hankali. Idanunsa sun yi ja. "Ba ni da wata."

Na miƙa masa rigar ta saman ƙofa. Bai duba wuyan ba, ni ma ban ce ya duba ba. Ya sa ta a hammata, ya shafa kan Mubina, ya tsallaka titi.

Saura riga ɗaya ban ɗinka ba. Wani Irimiya ne, ɗan ɗaya daga ƙauyukan da aka tasa, ya shiga rundunar daga baya, yadi kuma ya ƙare. Na ce masa sai Litinin.

*

Asabar bayan azahar Alhaji Alhassan ya zo da farar motarsa. Tun safe Nna take kaina.

"Ki ɗaura ɗankwalin nan sosai. Kuma ki saki fuska, ba gaisuwar mutuwa aka zo ba. Ke kina ganin so ne abinci? Na haife ki, na san ki, taurin kan ubanki gare ki. Amma ki tuna ba ke kaɗai ba ce yanzu."

"Saboda ita na yarda zan fita, Nna."

Kuma gaskiya na faɗa. Na kwana ina auna abin kamar yadda nake auna yadi, ta kowane gefe Alhaji ne ya fi wa Mubina. Na shiga zaure da niyyar in ce na amince.

Na durƙusa na gaishe su. Alhaji ya amsa da fara'a, ya tambayi Mubina da sunanta, har ya kawo mata takalma. Baba ya gyara murya.

"Sakinatu, ga Alhaji. Kin san abin da ya kawo shi. Muna so mu ji daga bakinki."

Na buɗe baki ke nan wayata ta ɗauki ƙara a cikin mayafi. Baƙuwar lamba. Na kashe, ta sake kira. Baba ya ce in ɗauka mu huta.

Tun ranar da Mubina ta tsoma wayar a bokiti, ba a jin magana sai an buɗe lasifika. Don haka duk zauren ya ji muryar wata mata wadda Hausa ba ta zauna a bakinta ba.

"Sannu, daga asibiti ne. An kawo wani ɗan sa-kai yanzu, harbi a cinya, ya zubar da jini da yawa, bai san inda yake ba. Mun gani suna a wuyan riga, Rilwanu, da wannan lamba. Muna son wanda zai sa hannu a shiga tiyata. Kai ne matansa?"

Ban yi tunani ba. Ban dubi kowa ba.

"Ni ce. Ga ni nan zuwa. Ku fara, don Allah ku fara!"

Sai da na miƙe na ga fuskokinsu. Allurar Baba ta tsaya a tsakiyar yadi. Alhaji ya sunkuyar da kai yana kallon takalman da ya kawo. Nna na bakin ƙofar cikin gida, hannunta a kan baki.

Na ɗauki Mubina na sa ta a hannun Nna. "Ta ci abinci, saura maganin tarinta, cokali ɗaya bayan la'asar. Kada ki bar ta ta fita bakin titi, ƙofar shago a buɗe take. Kuma kada kowa ya faɗi sunansa a gabanta."

"Sakinatu!" in ji Baba.

"Baba, ka yi mini duk hukuncin da za ka yi idan na dawo."

Alhaji Alhassan ya tashi ya zaro makullinsa. "Keke Napep zai ɓata lokaci. Malam, taso mu kai ta."

Muka shiga mota. Ina baya ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, rabi-rabi, ban kai ko ɗaya ƙarshe ba.

*

Ma'aikaciyar jinyar ta tare mu a baranda da takarda. Na ce sai na gan shi tukuna. Ta ja labule.

Rigar tana ƙasa a cikin leda, an keta ta da almakashi, ta jiƙe sharkaf. Na ɗaga ido zuwa fuskar wanda ke kan gadon.

Ba Rilwanu ba ne.

Irimiya ne, leɓunansa sun yi fari, numfashinsa sama-sama.

Na dafa ƙarfen gadon. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, nan take kuma kunya ta biyo baya, domin shi ma wannan mijin wata ne, matarsa Ladi tana makarantar nan da 'ya'ya uku, ko waya ba ta da ita.

"Ba shi ba ne," na ce wa matar. "Sunansa Irimiya. Amma ba ni alƙalamin, na san shi, ni nake ɗinka musu riga. Kada ku jira." Na sa hannu. Na juya ga Alhaji. "Alhaji, don girman Allah, makarantar firamare, aji na biyu daga bakin famfo, a tambayi Ladi."

Ya dube ni na ɗan lokaci, irin kallon wanda ya zo sayen abu ya tarar an riga shi. Ya ce, "To." Ya tafi.

Aka tura gadon. Ni da Baba muka rage a baranda. Baba ya sunkuya ya ɗauki ledar.

To ina mai rigar? Idan rigarsa ta dawo, shi fa?

Ban gama tambayar kaina ba na hango shi daga ƙarshen baranda, yana tafiya yana dafa bango. Wata jar rigar 'yan ƙwallo ce a jikinsa, ta yi masa kaɗan, auduga manne a gwiwar hannunsa. Ashe ɗakin ɗibar jini aka kai shi tun isowarsu, ya ba Irimiya jini. Ya gan mu ya tsaya cak.

"Sakina? Baba? Wa ya gaya muku?"

"Me ya sa ka cire rigarka?" Ban san na yi ihu ba sai da mutane suka waiwayo. "Wa ya ce ka ba wani rigarka?"

"Irimiya ne ya san hanyar gonakin, shi ne a gaba. Malam Shekwolo ya ce ba zai shiga daji da ja ba, daga nesa za a hango shi, kuma doka ce. Ni ina wajen mota, sai muka yi musanya. Muna cikin loda masara suka buɗe wuta daga kan dutse. Duk manoman sun fito, babu wanda aka rasa." Ya ƙura mini ido. "Amma wa ya kira ki? Ai babu lamba a tawa."

Baba ne ya amsa masa. Ya juya wuyan rigar, ya matso da shi kusa da idonsa, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Akwai."

Rilwanu ya matso ya duba. Ya dube ni.

"Na ga sauran rigunan a shago," in ji Baba, har yanzu idonsa na kan wuyan. "Dukansu da keke kika rubuta. Wannan da hannu. Sarƙa biyu, zaren alharini. Ɗinkin da ubana ya koya mini a Bida ke nan, ni kuma na koya miki, na ce ba a yin sa a kayan kwangila." Ya ɗago. "Zarena ne ma. Na yi ta neman sa."

Na durƙusa a kan simintin.

"Baba, wallahi na shiga zaure ɗazu zan ce na amince da Alhaji. Don Mubina. Amma daga gida zuwa nan na yi takaba ta biyu a bayan motarsa, ba tare da an ɗaura mini aure ba. Abin da kake gudar mini ya riga ya same ni. Ko ina gidan wa, ranar da aka harbi Rilwanu haka zan ji, sai dai in shiga banɗaki in ɓoye kukan. Alhaji bai cancanci haka ba. Mubina ma ba za ta tashi a hannun uwar da ke ɓoye kuka ba."

"Idan ya mutu fa?"

"Ina da kekena. Na riƙe ta shekara biyu ni kaɗai, ba ta kwana da yunwa ba. Idan Allah ya ƙaddara, zan san inda yake a ranar, in kai ta ta ga inda aka sa shi. Wancan karon ko wannan ban samu ba."

Rilwanu ya durƙusa nesa da ni kaɗan. "Baba, kada in yaudare ka. Ba zan bar rundunar ba. Rabin masarar na can, Litinin za mu koma."

"Ban tambaye ka ba," in ji Baba.

Ya sa hannu a aljihu ya ɗauko 'yar rezar da yake farke ɗinki da ita, wadda ba ya rabuwa da ita. Ya warware takardarta. Ya miƙo mini ita tare da rigar.

"Lambar mace ba ta zama a wuyan namijin da ba mijinta ba. Ba a yin haka a gidana. Karɓi ki farke."

Na dubi rezar. Na dubi sarƙa biyun da na zauna na yi da hannuna, jinin Irimiya ya rine rabinsu.

Na mayar da hannuwana baya na haɗe su.

Baba ya riƙe rezar a miƙe. Wata mata ta wuce da kwanon abinci, ta dube mu ta ƙara sauri. Ban warware hannuwana ba.

A hankali ya nannaɗe rezar ya mayar aljihu.

"Uwarki ba za ta yi mini magana ba har sati," ya ce. "Alhaji kuma ni zan je har gida in ba shi haƙuri, da wannan tsufan." Ya juya ga Rilwanu. "Kai, mai jar riga. Gobe bayan azahar ka turo limamin unguwarku, a ɗauko gwaggonka daga Zungeru ko da ba za ta ji abin da ake faɗa ba. Gobe na ce, ba jibi ba. Ba za ka koma dajin nan da lambar 'yata a wuyanka haka kawai ba."

Rilwanu ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza.

Daga bakin ƙofar asibitin na hango farar mota ta tsaya, Ladi ta fito a guje ko takalmi babu. Na miƙe zan tare ta, Baba ya riƙo bakin mayafina. Ya cusa mini ledar a hannu.

"Wannan ta lalace. Akwai ragowar kaki a ƙasan akwatina, zai yi riga biyu. Ki fara da ta Irimiya." Ya kau da kai yana gyara hula. "Ta wannan kuma, idan kin gama rubuta lambarki, ki sa tawa a ƙasa. Wayarki ba ta da kirki."